Kofatan Kurun Marigayi

An yi wani sarki a Birnin Marke, ana ce da shi Shu'aibu ɗan Mainasara. Mutum ne mai son adalci ƙwarai da gaske, sai dai Allah ya haɗa masa son adalcin da gaggawa, har ya zamana idan ya ga zalunci da hantsi, abincin rana ba ya shiga bakinsa sai ya ga an hukunta wani. Talakawa suna ƙaunarsa saboda wannan hali, fadawa kuwa suna tsoronsa saboda shi, domin sun lura cewa idan ransa ya ɓaci, wanda ya fi kusa da hannunsa shi yake kamawa. Wazirinsa wani dattijo ne mai suna Ɗalhatu, wanda ya yi wa mahaifinsa hidima kafin shi, masanin fiƙihu da ilimin magani, mai jinkirin magana har ya ƙure haƙurin mai sauraro.

To, mutanen wannan birni suna da wata al'ada da suka gada kaka da kakanni. Idan sarki ya rasu, dokin da ya fi hawa sai a kai shi wani keɓaɓɓen gida a bayan fada a ɗaure a turke. Ba a hawansa, ba a kwance shi, ƙarfe ba ya taɓa jikinsa, kuma babban rashin ladabi ne a ambaci sunansa a gaban sabon sarki, wai don kada a tuna masa da mutuwa. Suna kiran wannan girmamawa. Al'adar ba ta taɓa damun kowa ba, saboda sarakunan da suka gabata tsofaffin ingarmu suke bari, waɗanda ba sa daɗewa bayan iyayengijinsu.

Amma Sarki Mainasara, da tsufa ya kama masa gwiwoyi ya kasa taka likkafar ingarma, sai ya koma hawan kuru, wato ɗan gajeren dokin nan mai ƙwari da nisan kwana. Ya sa masa suna Tabarma, don ya ce zama a bayansa da zama a kan tabarma duk ɗaya ne. Da ya rasu aka yi wa kurun abin da aka saba, aka damƙa shi ga wani bara mai suna Nomau. Da farko dawa da dusa suna zuwa daga barga. Daga baya aka sake shamaki, wato shugaban barga, sabon kuwa ya ƙirga dawakin da idonsa ya gani, wanda ke bayan katanga ya fita daga lissafi. Nomau ya riƙa yanko ciyawa a fadama yana roƙon harawa a gonakin mutane. Ya sha zuwa bakin fada da niyyar kai kuka, da zarar ya buɗe baki ya ce "kurun marigayi" sai dogarai su toshe kunnuwa su kore shi, kowannensu yana jin ya kiyaye martabar gidan sarauta. Haka aka tafi har yaran da aka haifa a shekarar rasuwar suka isa kiwon awaki.

Wata rana a farkon damina aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, katangar bayan fada ta zube. Da gari ya waye sarki ya fito da kansa don ya ga ɓarnar, ya tsallaka tulin ƙasa, sai ya yi ido biyu da abin da ya tsayar da shi cik.

Ni mai ba da wannan labari na ga dabbobi masu wahala da dama, amma abin da aka sifanta mini na wannan kuru ya wuce duk abin da na sani. Haƙarƙarinsa a fili, gezarsa ta cukurkuɗe, kaska ta cika masa kunnuwa. Duk wannan bai kai kofatansa ba. Sun yi ta tsiro shekara da shekaru babu tafiyar da za ta cinye su, suka miƙe gaba, suka tanƙwaro sama, suka naɗe kamar ƙahon rago, har dabbar ta koma tsayuwa a kan dunduniya, jikinta ya karkace baya. Inda yake tsaye ƙasa ta lotsa ta yi rami daidai ƙafafunsa. Duk da haka yana da rai, kuma da ya ga mutum cikin rawani sai ya ɗaga kai ya yi wata 'yar haniniya a shaƙe. Sarki ya gane shi nan take, domin yana saurayi yakan bi mahaifinsa a ƙasa, yana riƙe da gefen sirdin wannan kuru.

Tausayi ya kama sarki, kuma kamar yadda ya saba, tausayin bai jima ba ya rikiɗe fushi. Ya tambayi wanda ke kula da dabbar, aka kawo Nomau, tsoho ramamme da ɗaurin ciyawa a ka. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya so ya yi bayani, amma bayanin ba ya yiwuwa sai da ambaton abin da aka hana ambata, sai harshensa ya sarƙe. Sarki ya ɗauki shirun a matsayin amsa laifi. Ya rantse da Allah a gaban jama'a cewa idan kurun nan bai tako da ƙafafunsa daga wannan gida zuwa ƙofar fada ba, ba tare da an ja shi ko an kore shi ba, kafin a gama kai dawar bana rumbu, to Nomau za a sa wa mari a ɗaure a wannan turke har ƙarshen ransa.

Alƙali ya tunatar da shi cikin ladabi cewa rantsuwar fushi tana da kaffara. Sarki ya ƙi, yana gudun a ce maganarsa tana juyawa. Sa'an nan ya dubi Waziri ya ce, "Waziri, na ɗora maka abu biyu. Ka tayar da dabbar nan idan hikimarka ta kai, kuma ranar da wa'adi ya cika ka faɗa mini a gaban jama'a wane ne ya fi kowa zaluntarta. Idan ka sami wanda ya fi tsohon nan laifi, turken nasa ne."

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki. Na karɓa, amma hannuna a ɗaure yake. Al'ada ta hana a kwance shi, ta hana ƙarfe ya taɓa shi, kuma babu mai ikon ɗage ta sai wanda ke bisa karaga. Ina kuma roƙon a ba ni aron Nomau, domin dabbar ba ta san hannun kowa ba sai nasa."

Sarki ya ce, "A kwance shi. Na ɗage." Ya juya ya tafi, bai ma tsaya ya ga an warware igiyar ba. Waziri kuwa ya bi shi da kallo, ya adana wannan gajeriyar magana a zuciyarsa.

Kafin azahar masu neman fada sun cika gidan. Shamaki, wanda tsoro ya sa shi karamci, ya aiko da buhunan dawa. Sarkin Maƙera ya zo da zarto da wuƙaƙe, yana cewa kafin la'asar zai mayar da kofatan kamar na ɗan watanni. Waziri ya mayar da dawar inda ta fito, ya ce cikin da ya daɗe da yunwa idan aka ɗura masa hatsi gaba ɗaya kashe shi ake yi. Ya sa a ci gaba da ciyawar da kurun ya saba, a ƙara masa dusa kaɗan da ɗan jiƙon kanwa. Mutane suka fita suna gunaguni, wai an ba marowaci jinyar mayunwaci.

Shi kuwa Waziri sai ya tuɓe alkyabba, ya durƙusa a cikin ƙasa, Nomau na riƙe da kan dabbar yana yi mata magana a kunne. Waziri ya riƙa ƙwanƙwasa kofaton da ɗan yatsa tun daga tsini zuwa tushe, yana saurare. Can gaba yana amsawa kamar busasshen icce, kusa da ƙafa kuwa sautin ya dushe, kuma akwai ɗumi. Ya sa aka kwaɓa laka aka lulluɓe kofatan don su yi taushi, sa'an nan ya nuna wa Sarkin Maƙera iyakar inda zai yanke, can nesa da wurin ɗumin. Da naɗaɗɗen ƙahon ya faɗi ƙasa, kowa ya zaci dabbar za ta miƙe ta yi godiya. Sai ta yi tangaɗi ta zube. Jijiyoyinta sun koyi karkatacciyar tsayuwa, sun manta da ta gaskiya, nauyin da ya cuce ta ya zama shi ne abin da take dogara da shi.

Daga nan aikin ya koma na magagari, wato abin gugar ƙarfen nan na maƙera. Daga ranar kasuwa zuwa ranar kasuwa a goge kaɗan, abin da bai fi kaurin farce ba, sa'an nan a bari. Tsakanin haka Nomau yana murza masa ƙafafu da man kaɗe, yana cire kaska, yana tsefe geza da yatsu. Aka zuba rairayi a tsakar gidan. Ranar da kurun ya ɗaga ƙafa da kansa ya ajiye ta gaba da inda take, Nomau ya zauna a ƙasa ya yi kuka, Waziri kuma ya daɗe yana tasbihi. Ya ce wa waɗanda ke wurin su dubi hikimar Mahalicci, wanda ya sa kofato yana tsiro ba dare ba rana, ya kuma shimfiɗa ƙasa ta zama magagarinsa, har dokin da ke yawo a jeji ba ya bukatar maƙeri tun daga haihuwa har mutuwa.

Gero ya yi kai, sarki ya zo dubawa. Ya tarar kurun yana ɗan takawa kamar mai tafiya a kan ƙaya, kofatan kuwa har yanzu sun ninka na lafiyayye tsawo. Haƙurinsa ya ƙare. Ya ce ga abin da ya rage a fili, me ake jira, ya umarci Sarkin Maƙera ya datse shi yanzu. Waziri ya roƙa, sarki bai saurara ba. Wuƙa ta shiga kofaton gaba na dama, ba ta yi nisa ba sai jini ya ɓullo, dabbar ta yi wata ƙara irin wadda ba a so a ji sau biyu. Sarki da kansa ya riƙe hannun maƙerin.

Waziri ya danna tsumma a wurin, ya ce ba tare da ya ɗaga kai ba, "Ranka ya daɗe, da kofaton ya yi tsawo, rai ya bi shi ciki. Tsoka da jini sun miƙe har inda ba muhallinsu ba. Idan aka goge kaɗan aka jira, rai yakan ja da baya da kansa ya ba da wuri. Idan aka riga shi, shi ake yankewa."

Sarki ya fita, kuma bai sake sa baki a aikin ba. Amma raunin ya mayar da hannun agogo baya. Kurun ya daɗe yana ɗingishi, damina tana ta wucewa, Nomau kuwa kullum yana gifta turken da aka yi masa alkawari, ba ya ko kallonsa. Na tabbata tsoro yana cin sa, domin an ce ya rame fiye da da, sai dai hannunsa bai taɓa rawa a kan dabbar ba. Da ƙafar ta warke suka fara fita da shi daga rairayi zuwa busasshiyar ƙasa, daga nan zuwa tsakuwa, Nomau a gaba, kurun a baya, babu igiya.

Dawa ta nuna, aka yanke, aka ɗaure dammuna. A nan mutanen Birnin Marke suka yi abin da har yau nake jinjina musu a kai. Babu wanda ya shirya da wani, amma kowa sai ya sami dalilin jinkiri. Wannan ya ce rumbunsa yana son yaɓe, wancan ya ce jakinsa ba shi da lafiya. Dawa ta yi ta zama a gona har gara da tsuntsaye suka fara raba ta da masu ita. Waziri ya ga ba daidai ba ne gari ya yi yunwa saboda mutum ɗaya, ya je ya gaya wa sarki a sa rana.

Ranar ta zo. Bayan hantsi sarki ya zauna a ƙofar fada, jama'a suka yi sahu biyu tun daga rusasshiyar katanga, aka hana kowa kiɗa ko kirari. Aka tsayar da Nomau a gefe tsakanin dogarai, don kada a ce shi ya ja dabbar. Sai ga Tabarma ya fito shi kaɗai. Gashinsa ya kwanta yana sheƙi, haƙarƙarin ya ɓace, kofatan sun dawo gajeru suna dafa ƙasa sosai. Yana tafe a hankali, yana ajiye kowace ƙafa da lura, kuma shirun da aka yi ya kai ana jin ƙarar takunsa a kan tsakuwa. Tsofaffin da suka san shi a zamanin marigayi suka riƙa share hawaye da bakin riga. Waɗanda suka gan shi ranar da katanga ta faɗi kuwa tsigar jikinsu ta tashi, domin sun ga abin da suka ɗauka matacce yana tafiya.

Saura kaɗan ya isa, sai ya ratse. Akwai wani tsohon dakali kusa da ƙofar turakar marigayi, wanda aka gina don tsohon sarki ya riƙa takawa ya hau. Kurun ya je ya jera jikinsa da dakalin, ya sunkuyar da kai, ya tsaya. Aka jira, bai motsa ba. Rana ta ɗaga, bai motsa ba. Tsakaninsa da ƙofar fada bai fi jifa ba, amma rantsuwa ta ce ƙofar fada, kuma ta hana ja ta hana kora. Dogarin da ke riƙe da mari ya gyara shi a hannu, ƙarfen ya yi ƙara, Nomau ya runtse ido.

Sarki ya dubi Waziri ya tambaye shi ko ƙafar ce ta gaza. Waziri ya ce, "Ƙafa lafiya lau, ranka ya daɗe. Mai shi yake jira. A nan aka saba ce masa ya tafi, kuma ba kowane baki yake ji ba."

Sarki ya daɗe yana kallon dabbar. Sa'an nan ya tashi daga shimfiɗarsa, abin da sarki ba ya yi a zaman fada, ya taka da ƙafa har bakin dakalin. Ya tsaya a inda yakan tsaya yana saurayi, ya tuna abin da mahaifinsa yake faɗi duk lokacin da ya daidaita a sirdi, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Bisimilla, Tabarma, mu je." Muryar ɗa ba ta nisa da ta uba. Kurun ya kaɗa kunne, ya ɗaga kai, ya taka. Sarki na tafe a gefensa bai taɓa shi ba, har suka shiga inuwar ƙofar fada tare. Jama'a suka ɗauki salati a hankali, kamar masu tsoron kada su farkar da wani.

Da aka natsu sarki ya zauna ya ce, "Waziri, na farko ya cika. Saura na biyu."

Waziri ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ina neman aminci kafin in yi magana." Aka ba shi. Ya ce, "Nomau ya ciyar da shi da guminsa, bai da ikon kwance igiya. Dogarai sun kiyaye abin da aka ce su kiyaye. Ni kaina na san al'adar, na san marigayi ya bar kuru, ban taɓa tambaya ba, don haka ina da kasona. Amma shekarun nan duka, maganar da za ta kwance shi tana bakin mutum ɗaya ne, kuma ranar da ya furta ta ba ta ɗauke shi tsawon numfashi ba. Yau ma jama'a sun ga wanda dabbar ta tsaya jira."

Fadawa suka sunkuyar da kai, kowa yana jiran tsawa. Sai sarki ya ce, "Ban sani ba, Waziri."

Waziri ya ce, "Haƙiƙa ba ka sani ba, ranka ya daɗe. Mun gina maka katanga don kada ka ji abin da zai ɓata maka rai, kai kuma ba ka taɓa tambayar abin da ke bayanta ba, sai da Allah ya aiko ruwa."

Sarki ya ce ashe turken nasa ne, ya umarta a tumɓuke shi a kafa a gaban shimfiɗarsa, inda idonsa zai riƙa faɗawa a kansa duk ranar da ya zauna shari'a. Ya sa aka kawo Nomau, ya kira shi Baba, ya nemi gafararsa a gaban jama'a, ya ba shi gida da gona a bakin fadama, ya ce kurun ya bi shi ya yi kiwo sake har iyakar kwanansa. Nomau ya kama gezar Tabarma ya riƙe.

Sa'an nan tsohon hali ya motsa. Sarki ya ce a yau ɗin nan zai soke duk wata al'ada da ya gada, kada a kwana da ko ɗaya. Waziri ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, ka tuna kofaton dama. A cikin al'adun nan akwai matacce, akwai kuma inda rayuwar mutane ta bi ta shige. A ƙwanƙwasa kowace a saurara tukuna." Sarki ya yi dariya, ya cire alkyabbar jikinsa ya yafa masa, ya kuma ba shi abin da ya fi alkyabba, wato iznin shiga wurinsa a kowane lokaci da kowace irin magana, da doka cewa daga ranar babu sunan da aka hana ambata a ƙofar fada.

Masu hikima na wannan birni suka riƙe daga wannan ƙissa cewa zaluncin da ya fi daɗewa shi ne wanda kowa yake yi cikin ladabi, kuma mai mulki abin tambaya ne a kan abin da ke bayan katangarsa kamar yadda yake abin tambaya a kan abin da ke gabansa. Adalci yana son mai saurin dubawa, mai jinkirin yankewa. Allah ya sa mu dace.